Jirgin alfarma na hannu mai dogon zango: G550, Global 6000 ko Falcon 7X?

Abu_Safwan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen sama ciki da waje. Kamfanin da nake wa aiki ya yanke shawarar mallakar jirgin kashin kansa mai dogon zango, kuma ni aka ɗora wa alhakin tattara bayani kafin zaman daraktoci. Sabo ba ya cikin lissafinmu, saboda tsada da kuma daɗewar jira kafin a ƙera maka. An kawo mana na hannu guda uku: Gulfstream G550 ƙirar 2012, Bombardier Global 6000 ƙirar 2016, da Dassault Falcon 7X ƙirar 2011. G550 ɗin ya fi sauran sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai dillalin ya ce injinansa ba sa ƙarƙashin wani tsarin kulawa. Shugabanmu ya fi karkata gare shi. Buƙatarmu ita ce mutum 8 zuwa 10 su tashi daga nahiya su sauka a wata nahiyar ba tare da an tsaya shan mai ba. Wanne za ku ba mu shawara, kuma me ya kamata mu duba kafin mu ajiye kafin alƙalami?

Kyaftin_Garba:
Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da nisan zango tunda shi ka sa a gaba. A takarda, G550 yana cin mil 6,750 na teku, kusan kilomita 12,500 ke nan. Global 6000 yana cin mil 6,000, Falcon 7X kuma 5,950. Amma waɗannan alƙaluma da fasinja 8 ake lissafa su, babu iska mai tunkuɗo jirgi ta gaba, kuma na G550 da na Falcon a gudun tattalin mai ne, wato Mach 0.80, kashi 80 cikin 100 na gudun sauti. Ka ƙara mutum biyu da akwatunansu, ka ce a ƙara gudu, ka yi yamma lokacin hunturu iska na dukan hancin jirgi, za ka ga zangon ya ragu sosai. Ka rubuto biranen da kuka fi zuwa, ka ba wani kamfanin tsara tafiyar jirage ya lissafa maka kowace hanya da iskar watan da ya fi muni. Wannan lissafin ne zai gaya maka gaskiya.

Baffa47:
Gulfstream kawai. An ƙera G550 sama da 600 daga 2003 zuwa 2021, duk inda ka sauka akwai wanda ya san shi. Ku saya ku huta.

Injiniya_Lawal:
Baffa, maganarka kan yawansa gaskiya ce, amma ka tsallake jimlar da ta fi kowace nauyi a tambayar. Malam Abu Safwan, wannan sauƙin kuɗin da ya ja hankalin shugabanku ba alheri ba ne mai jirgin ya yi muku. Kuɗin injin ne ya cire, ya bar muku ku biya nan gaba.

Ga yadda abin yake. G550 da Global 6000 duk injin Rolls-Royce BR710 suke ɗauke da shi, bibbiyu. Kamfanin yana da tsari mai suna CorporateCare: kana biyan wani kaso a kan kowace awa da injin ya yi aiki, idan lokacin garambawul ya zo ko wani abu ya lalace ba zato, su ne da ɗaukar nauyi, har su ba ka injin aro kafin naka ya dawo. Akwai kuma JSSI, kamfani mai zaman kansa da ke sayar da irin wannan tsarin, na Falcon kuma Pratt & Whitney Canada, masu ƙera injinansa, suna da nasu, ESP. Jirgin da ke cikin tsarin, idan an sayar da shi tsarin yana bin sa zuwa ga sabon mai shi. Wanda ba ya ciki, duk awannin da tsohon mai shi ya ci a kan injin sun zama bashi a wuyanka. Garambawul ɗin inji ɗaya miliyoyin daloli ne, kuma biyu ne, tare suka tsufa.

Ana iya shigar da su daga baya, amma sai an leƙa cikinsu da kyamarar bututu, sannan a yanka muku kuɗin shiga gwargwadon awannin da suka wuce. Ku nemi wannan adadin a rubuce, ku ɗora shi a kan farashin G550 ɗin, sannan ku sake jera jiragen uku. Ku kuma tambayi ƙaramin injin wutsiya, APU, shi ma yana da nasa tsarin. Bankuna da yawa ma ba sa son ba da rance a kan jirgin da injinansa ke waje.

Abu_Safwan:
Injiniya, na gode ƙwarai. To idan muka shigar da su, shi ke nan G550 ɗin ya daidaita da sauran?

Injiniya_Lawal:
Ta fuskar inji kaɗai. Saura gangar jiki. Kowane ɗaya daga cikin ukun akwai babban bincike da ke jiransa a gaba, kuma da kalanda ake lissafa shi, ko jirgin ya tashi ko yana kwance. Gulfstream yana da na wata 96 da na wata 192. Global yana da na wata 120, wanda ake kwance kayan cikin jirgi, a kuma tura ƙafafun sauka garambawul. Falcon 7X yana da babban bincike duk wata 96. Ka ɗauki shekarar da kowanne ya fara aiki ka ƙirga da kanka, za ka ga wanda zai fara shiga rumfar gyara ya yi makonni bayan kun karɓi makulli.

Mai_Lissafi:
Ni kam ban ga an yi tambayar farko ba. Awa nawa kuke tashi a shekara? Jirgin nan ko bai motsa ba yana cin kuɗi: albashin matuƙa, horonsu na shekara-shekara a FlightSafety ko CAE, inshora, hayar rumfa, kuɗin kamfanin da zai kula muku da shi, kuɗin taswirorin kwamfutarsa da intanet ɗin ciki, ga darajarsa tana raguwa. A ganina wanda bai kai awa 200 zuwa 300 a shekara ba, shata ta fi masa, ko ya sayi awanni a wurin irin su VistaJet ko NetJets. Kuma a cikin tafiye-tafiyenku, kashi nawa ne suke wuce awa 10? Idan ƙalilan ne, to kuna shirin ɗaukar nauyin ƙaton jirgi ne domin tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba.

Abu_Safwan:
Mun wuce wannan adadin, kuma yawancin tafiyar tsallaka teku ce. Mun daɗe muna shata. Abin da ya gajiyar da shugabanni shi ne canjin lokaci: taro ya ƙara kwana ɗaya, jirgin shata ya riga ya karɓi wani aikin.

Ummu_Hanan:
Ku gafarce ni, ba harkata ba ce, amma zuciyata ba ta bar ni in yi shiru ba. Kuɗin da za a zuba a jirgi ɗaya zai iya riƙe ma'aikata masu yawa na shekaru. Shin daraktocin sun auna wannan kuwa? Ga kuma hayaƙin da mutum goma za su fitar su kaɗai.

Mai_Lissafi:
Hajiya, tambayarki tana da gurbi, kuma masu hannun jari ma suna yin ta. Batun hayaƙin gaskiya ne, idan aka raba man da aka ƙona a kan kowane fasinja, jirgin kashin kai ya ninka na haya. Abin da zai kare kamfani kawai shi ne ya iya nuna cewa lokacin da aka tsira da shi yana dawo da abin da ya fi kuɗin. Idan don a gani ne, ina tare da ke.

Ummu_Hanan:
To a sa wannan a cikin rahoton da za a kai musu, Malam Abu Safwan. Kada ya zama zaɓi tsakanin jirage uku kawai.

Shugaban_Zaure:
An ji, kuma an gode. Mu koma kan tambayar, don Allah.

Lauya_Maimuna:
Bari in shigo ta ɓangaren takardu, tunda ka ambaci kafin alƙalami. Kada kuɗinku ya shiga asusun dillali ko na mai jirgi kai tsaye, ko da rantsuwa suka yi. Ana ajiye shi ne a hannun kamfanin riƙon amana, kuma da yawansu a Oklahoma City suke saboda can ne ofishin rajistar jirage na hukumar FAA ta Amurka yake. Takardar nuna niyya ta bayyana ƙarara cewa kuɗin zai dawo muku idan binciken kafin saye bai gamsar da ku ba.

Kusan duk yarjejeniyar cinikin jirgi na hannu tana cewa an sayar da shi a yadda yake, a inda yake. Ma'ana da zarar kun sa hannu a takardar karɓa, duk abin da ya ɓullo naku ne. Saboda haka kariyarku tana cikin sharuɗɗan miƙa jirgi: ya kasance lafiyayye a idon hukuma, an cika duk umarnin gyara na dole, kowace na'ura tana aiki, littattafan tarihinsa cikakku ne babu giɓi, kuma babu jingina a kansa. Ku tsaya a rubuta abin da ake nufi da tarihin hatsari, domin a nan ake yawan samun saɓani.

Kan jingina, a bincika rajistar ƙasar da jirgin yake, a kuma bincika rajistar duniya da ke Dublin, wadda yarjejeniyar Cape Town ta 2001 ta kafa. A duba gangar jiki daban, kowane inji daban da lambarsa, don ana iya jinginar da inji shi kaɗai. Sannan ku san ainihin mutumin da ke bayan kamfanin da ke sayarwa. Tun takunkuman da suka biyo bayan yaƙin Yukiren a 2022, bankuna da masu riƙon amana ba sa wasa da wannan.

Dillali_Sani:
Barista ta yi bayani mai kyau. Zan ƙara abu ɗaya a matsayina na ɗan sana'ar. Wanda ya kawo muku jiragen nan, wa yake wa aiki? Idan mai jirgi ne zai biya shi la'ada, to wakilin mai jirgi ne, komai kirkinsa. Ku ɗauki naku wakilin, ku amince da ladansa tun farko a rubuce. Akwai kuma wata dabara da ake yi: mutum ya shiga tsakani, ya saya daga mai jirgi ya sayar muku a rana ɗaya, ya riƙe bambancin, ku ba ku san nawa mai jirgin ya karɓa ba. Ku nemi sunan da ke kan rajista ya zama shi ne sunan da ke kan yarjejeniya, in ba haka ba a yi muku bayani. Ƙungiyar IADA tana tantance dillalai, ana iya farawa daga jerin mambobinta.

Baffa47:
Duk wannan dogon zance ne. Jirgin da ya tashi jiya ya sauka lafiya, me za a gano a ciki?

Injiniya_Lawal:
Ranka ya daɗe, tsatsa ba ta hana jirgi tashi yau. Na taɓa kasancewa cikin masu binciken wani jirgi mai ƙyalli, sabon fenti, sabbin kujeru. Da muka ɗaga daɓen ƙarƙashin banɗaki da kicin, ruwa ya daɗe yana ɗiga, ƙarafan da ke riƙe da daɓen sun ci. Mai jirgin bai sani ba, matuƙansa ma ba su sani ba. Gyaran ya ɗauki makonni, kuma da yake kafin sa hannu aka gano, shi ya biya. Sayen jirgi ba tare da an buɗe shi ba cinikin biri a sama ne.

Kuma kada a yi binciken a wurin da ya saba kula da jirgin, domin ba za su so tona aikinsu ba. A kai shi cibiyar kamfanin da ya ƙera shi ko wata cibiyar da ya amince da ita, ku tura naku injiniyan ya zauna a can har a gama. Bisa al'adar cinikin, mai saye ke biyan kuɗin bincike, mai sayarwa ya biya gyaran duk abin da ya shafi lafiyar tashi.

Littattafan tarihi kuwa, a fara da su kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. Idan aka canja wani sashe kuma babu takardar shaidar inda ya fito, a idon hukuma kamar babu shi ne. Jirgin da ya rasa tarihin shekara guda darajarsa tana faɗuwa ƙwarai, kuma ranar da za ku sayar ku ma za a tambaye ku.

Falke_Mai_Falcon:
Kowa ya manta da Falcon. Shi ne ya fi sauƙin nauyi, wajen tan 32 idan ya cika, G550 kuwa tan 41, Global tan 45. Don haka ya fi su tattalin mai, yana kuma shiga gajerun titunan jirgi. An ba shi izinin sauka a filin London City mai gangaren sauka. Inji uku gare shi, PW307A, abin da ke kwantar da hankali a tsakiyar teku. Shi ne jirgin alfarma na farko da kwamfuta ke isar da umarnin matuƙi zuwa fukafukai, tun 2007.

Ɗan_Rumfa:
Ba shi ne aka dakatar da shi gaba ɗaya ba a wani lokaci?

Falke_Mai_Falcon:
Shi ne. A watan Mayun 2011 wani 7X yana gangarowa a Malesiya sai na'urar daidaita wutsiya ta ɗaga hancinsa sama da kanta. Matuƙan sun shawo kansa sun sauka lafiya. Hukumar EASA ta Turai ta dakatar da jiragen na 'yan makonni har Dassault ya yi gyara. Tunda wanda aka kawo musu ƙirar shekarar ne, a tabbatar a littafinsa an yi gyaran.

Mai_Lissafi:
Inji uku kuma yana nufin biyan tsarin kulawa uku a kowace awa. A sa wannan a gefen ribar man.

Kyaftin_Garba:
Ina so in ƙara kan abin da Injiniya ya faɗa, ta ɓangaren gaban jirgi. G550 na 2012 da Falcon na 2011 sun fito kafin wasu dokoki. Tun 1 ga Janairun 2020 Amurka ta wajabta na'urar ADS-B Out, mai sanar da masu kula da zirga-zirga inda jirgi yake, a yawancin sararinta, Turai ma ta bi a shekarar. A arewacin tekun Atlantika, daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000 sai jirgi yana da FANS 1/A, wato musayar saƙon rubutu da masu kula da zirga-zirga ta tauraron ɗan adam. Yawancin jiragen da ke aiki an sa musu, amma kada a ɗauka, a gani a rubuce. Kan tsarin na'urorin gaban matuƙi kuwa, kowanne da sunan nasa: a Falcon ka tambayi ko an ɗaga shi zuwa EASy II da waɗanne zaɓuɓɓuka aka saya, a G550 ka tambayi matakin da PlaneView ɗinsa yake. Global 6000 da Vision ya fito, shi ya fi su ƙuruciya a nan.

Ɗan_Rumfa:
Kyaftin, ai duka ukun suna kai ƙafa 51,000. Ba sai su bi ta saman dokar ba?

Kyaftin_Garba:
Sai sun ƙona mai sun yi sauƙi, ƙanena. Jirgin da ya tashi da tanki cike ba ya haura can nan take, kuma ba kullum ake ba ka tsayin da ka nema ba. Ba a gina tafiya a kan haka.

Malam Abu Safwan, ka kuma sa matuƙi na uku a kasafinka. Tafiyar awa 12 ko 13 ta fi ƙarfin mutum biyu idan aka haɗa da shiri kafin tashi. Ka duba ko jiragen suna da wurin kwanciyar matuƙi, don ba kowanne aka tsara cikinsa da shi ba.

Anti_Rabi_Kabin:
Na yi aiki a cikin G550 da Global. Fasinja ba ya ganin inji, ɗaki yake gani. Global ya fi faɗi, G550 ya fi ƙunci a cikin ukun, kodayake tagoginsa manya ne, haske yana shiga sosai. Kun ce mutum 10: ku ƙirga gadaje, kada ku ƙirga kujeru. Jirgi mai kujera 14 ba lallai ya kwantar da mutum 8 ba. Ku duba kicin a gaba yake ko a baya. Idan a baya yake, duk zirga-zirgarmu ta kan masu barci za ta bi. Shugaban naku ya shiga kowanne ya zauna kafin a yanke hukunci. Sauya tsarin ɗaki daga baya yana buƙatar amincewar hukuma, ga kuɗi ga watanni.

Abu_Safwan:
Anti Rabi, wannan bai zo mini a rai ba sam, na gode. Barista, wani ya ce mana mu yi rajistarsa a waje. Yaya kike gani?

Lauya_Maimuna:
Ya danganta da abin da za ku yi da shi da kuma abin da mai ba ku rance zai yarda da shi. Akwai rajistar tsibirin Man mai alamar M, San Marino mai T7, Malta mai 9H, Cayman mai VP-C. Ta tsibirin Man ba a yin haya da jiragenta, don haka idan kuna tunanin ba da shi shata lokacin da yake zaune, ba ta dace da ku ba. Alamar N ta Amurka kuma, wanda ba ɗan ƙasar ba yakan bi ta hannun amintaccen da zai riƙe masa mallakar. Rajistar waje ba ta ɗauke muku dokar ƙasar da jirgin zai zauna ba, ko ta kwastan ko ta haraji. Hatta filin da za a miƙa muku jirgin yana iya jawo harajin ciniki, shi ya sa ake zaɓensa da shawarar masanin haraji tun kafin a sa hannu.

Dillali_Sani:
Abu ɗaya da ke hannunku yanzu shi ne lokaci. A 2021 da 2022, bayan korona, jiragen da aka sa a kasuwa don sayarwa sun yi ƙaranci ƙwarai, masu saye suna rige-rige, wasu har suna rage bincike don kada a riga su. Wanda ya sayi jirgi a lokacin bai buɗe shi sosai ba, yau yana iya zama shi ke sayar muku. Ku tambayi yaushe kowanne ya canja hannu na ƙarshe, kuma a ina aka yi masa bincike. Kan farashi, ku sa a ciro muku bayanan JETNET ko AMSTAT, masu tattara bayanan cinikin jirage, da ƙiyasin darajar jirgi na Vref, ku ga abin da makamantansu suka tafi a kai, ba abin da aka yi talla ba.

Idan ni ne, Global ɗin zan fara yi wa tayi, da sharaɗin mai shi ya yi binciken wata 120 kafin miƙawa, ko a haɗa shi da binciken kafin saye a raba kuɗin.

Kyaftin_Garba:
Ni kuma ba zan saki G550 ba tukuna. Bambancin mil 750 shi ke raba tsayawa shan mai da rashin tsayawa a wasu hanyoyin, kuma abin da suka ce suna nema ke nan tun farko. A jira adadin da Rolls-Royce zai yanka.

Injiniya_Lawal:
Na yarda a jira, amma ina son sanin dalilin da ya sa aka bar injinan a waje. Wani babban kamfani ne mai jirage da yawa da ke ɗaukar nauyin kansa, ko kuwa mutum ne da kuɗi ya yanke masa ya daina biya? Idan na biyun ne, to ba a inji kaɗai ya yi tsimi ba.

Abu_Safwan:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tura wa dillalin tambayoyi kan injinan da tarihin mallaka, na kuma nemi a ba mu hoton littattafan jiragen uku. Ya amsa cewa na Global da Falcon suna nan a kwamfuta, na G550 kuwa sai mun ajiye kafin alƙalami. Haka aka saba yi?

Dillali_Sani:
Wasu suna yin haka don tace masu wasa. Ku ba shi takardar shaidar kuna da kuɗin, ku sa hannu a alkawarin riƙe sirri. Idan bayan wannan ya ƙi nuna ko taƙaitaccen rahoton gyare-gyaren da ke tafe, ku tambaye shi dalili a rubuce.

Lauya_Maimuna:
Kuma ko kun ajiye, a hannun mai riƙon amana, da sharaɗin dawowa. Ka nuna wa lauyanku takardar niyyar kafin shugabanku ya sa mata hannu.

Falke_Mai_Falcon:
Har yanzu ba ka gaya mana filayen da kuke sauka ba, Malam. Akwai gajere ko mai tudu a cikinsu?